Tarya ko Saduwa? Kalmar Girkanci Ɗaya da Ta Raba Kan Masu Karatun Littafi Mai Tsarki

A 2025 wani mutumin Afirka ta Kudu ya ce an nuna masa cewa fyaucewa, wato ɗauke masu bi su taryi Almasihu a sararin sama, za ta auku ranar 23 ko 24 ga Satumba. Maganar ta bazu a TikTok kamar wutar daji, ta ratsa ƙasa da ƙasa. Ranakun suka zo suka wuce, kamar yadda 21 ga Mayu 2011 ta wuce, ranar da mai wa'azin rediyon nan na Amurka, Harold Camping, ya tsayar. Ƙura ta lafa, amma ta bar tambayar da ta girmi masu tsayar da rana: in Almasihu ya sauko, masu bi suka tashi suka same shi a sararin sama, daga nan ina aka nufa? Sama za a wuce, ko ƙasa za a dawo?

Gardamar tana rataye ne a kan aya guda a wasiƙar Bulus, 1 Tasalonikawa 4:17. In aka bi Girkancinta kalma bayan kalma, ga abin da take cewa: sa'an nan mu masu rai da muka rage za a fyauce mu tare da su cikin gajimare, zuwa taryen Ubangiji a cikin iska, ta haka kuwa kullum za mu kasance tare da Ubangiji. Kalmomi biyu ne suke ɗauke da nauyin ayar. Ta farko, harpazo, kowa ya san labarinta, ita ce fizgewa ko fyaucewa. Ta biyu, apantesis, ba a cika jin ta a kan bagade ba, alhali a kanta malamai suka fi kai ruwa rana.

Abin da kalmar take nufi

Apantesis suna ce da aka ciro daga aikatau apantao. Tushenta yana da dangantaka da anti, wato fuska da fuska, ko daura da abu. Ma'anarta ta asali ita ce mutum ya taso daga inda yake ya zo gaban wani. Tana da 'yan'uwa biyu na jini, hupantesis da sunantesis, waɗanda suka bambanta da ita a ɗafin farko kawai, har masu kwafar littattafai da hannu sukan sa ɗaya a gurbin ɗaya. A Girkancin yau kalmar ta sauya aiki gaba ɗaya, ta koma nufin amsa, wato maganar da ta fito ta tari tambaya. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa ba a neman ma'anar kalma a tushenta, sai a bakin mutanen zamanin da aka yi amfani da ita.

Mai jin Hausa yana da sauƙin da mai jin Turanci ba shi da shi a nan, domin Hausa ta rarrabe abubuwan da Turanci ya cusa cikin kalma ɗaya. Kana iya gamuwa da mutum a kasuwa, ka yi kiciɓis da shi a lungu, ku haɗu a wurin biki. Tarya daban ce. Mai tarya ya san wani yana tafe, ya bar gidansa ya fita gabansa. Ranar da jirgin alhazai zai sauka a Kano, tun da sassafe dangi suke cika motoci, a tsaya a rana ana leƙen ƙofa, da an hango mutum a ruga a karɓe masa jaka. Babu wanda ya je don ya shiga jirgin a koma da shi Jidda. An je ne a rako shi gida. Amma kuma Bahaushe yakan ce mayaƙa sun fita sun tari maharan a bayan gari, kuma wannan fitar ba ta rakiya ba ce. Dukan rigimar apantesis tana tsakanin waɗannan hotuna biyu: shin kalmar ita kaɗai tana ɗauke da rakiyar dawowa, ko sai labarin da ke kewaye da ita ya faɗa?

Yadda biranen da suke taryen manya

A duniyar Girkawa da Romawa, zuwan sarki ko gwamna gari al'amari ne mai tsari. Ana kiran zuwan da kansa parousia, kalmar da Bulus ya yi amfani da ita a aya ta 15 ta wannan sura game da zuwan Ubangiji. Fitar mutanen gari su tarye shi kuwa sau da yawa ana kiranta apantesis ko hupantesis.

Masanin tarihi Folibiyus ya ba da labarin shigar Sarki Atalus na Firgamos birnin Atina a shekara ta 200 kafin haihuwar Almasihu. Ba masu mulki da mahaya kaɗai suka fita ba, har talakawa da matansu da 'ya'yansu. Da ya iso ƙofar da ake kira Difilon, firistoci maza da mata suka jeru dama da hagu, aka buɗe dukan haikalai, aka kawo dabbobin hadaya, daga baya ma aka raɗa wa ɗaya daga cikin kabilun birnin sunansa. Yosifus, marubucin Yahudawa, ya ba da irin wannan labari game da Titus, jagoran sojojin Roma, bayan rushe Urushalima a shekara ta 70: mutanen Antakiya suka kasa zama cikin ganuwa, suka yi tafiyar fiye da kilomita biyar, suka tsaya a gefen hanya biyu suna ɗaga hannu suna kirari, sa'an nan suka juyo tare da shi.

Shaidar da ta fi jan hankali ta fito ne daga bakin Baroma. Sisero yana rubuta wa abokinsa Atikus wasiƙa da Latin a shekara ta 49 kafin haihuwar Almasihu, yana maganar yadda garuruwan Italiya suke fitowa taryen Yuliyas Kaisar, sai ya bar Latin ya sa kalmar Girkanci apantesis. Ya sake yin haka a shekara ta 44 game da saurayi Oktabiyan, wanda daga baya ya zama Kaisar Augustas. Mutum ba ya aro kalmar wani harshe a tsakiyar zance sai in ta riga ta zama sunan wani sanannen abu, kamar yadda muka ari kalmar fareti.

A kan irin waɗannan shaidu masanin Jamus Erik Peterson ya gina maƙalarsa ta 1930, inda ya ce apantesis kalmar hukuma ce ta taryen mai sarauta, kuma Bulus da gangan ya zaɓe ta. Ra'ayin ya shiga manyan ƙamusoshi da littattafan sharhi, ya zauna daram shekaru da dama. Ba Peterson ne ya fara ganin hoton ba. Yohanna Kirisostom, bishop na Kustantiniya da ya rasu a 407, wanda Girkanci ne harshen da ya tashi da shi, ya yi tambayar a wa'azinsa a kan wannan wasiƙa: in dai Ubangiji saukowa zai yi, don me za a ɗauke mu sama? Ya amsa da cewa don girmamawa ne, gama in sarki zai shiga gari masu daraja ne suke fita taryensa, waɗanda aka yanke wa hukunci kuwa a ciki suke jiran alƙali.

Tasalonika kuma gari ne da ya san wannan al'ada sarai. Ita ce hedikwatar lardin Makidoniya, tana kan babbar hanyar Egnatiya da sojoji da gwamnoni suke bi, kuma tun shekara ta 42 kafin haihuwar Almasihu Roma ta ba ta matsayin 'yantaccen birni. Laifin da aka ɗora wa Bulus da Sila a can, bisa Ayyukan Manzanni 17:7, shi ne suna cewa akwai wani sarki dabam, wai shi Yesu.

Wurare uku a Sabon Alkawari

Sau uku kacal apantesis ta fito a bugun Girkancin da yawancin masu fassara suke bi a yau. A tsohon bugun da aka yi fassarar Turanci ta Sarki Yakubu ta 1611 daga gare shi, sau huɗu ne, domin Matiyu 25:1 ma tana da ita a can.

Wurin da ya fi fitowa fili shi ne Ayyukan Manzanni 28:15. Bulus ɗan sarƙa ne, an sauke shi a tashar jiragen ruwa ta Butiyoli, ana tafe da shi Roma ta hanyar Afiya. 'Yan'uwa na Roma suka ji labari, suka fito taryensa, waɗansu har Kasuwar Afiyus, kimanin kilomita 64 daga birnin, waɗansu suka tsaya a Masaukai Uku, kimanin kilomita 49. Tafiyar kwana biyu ke nan ga mai ƙafa, don mutumin da soja yake tsaronsa. Da Bulus ya gan su ya gode wa Allah, ya yi ƙarfin hali. Aya ta gaba ta ce suka shiga Roma. A nan babu gardama: mai zuwa bai sauya hanya ba, masu tarya ne suka juya.

Na biyu shi ne misalin 'yan mata goma a Matiyu 25:6. Da tsakar dare aka yi kira, ga ango nan, ku fito ku tarye shi. Waɗanda fitilunsu suke da mai suka shiga wurin biki tare da shi, aka rufe ƙofa. Mafi yawan masu sharhi suna ganin 'yan matan sun fita ne su rako ango zuwa inda dama ya nufa. Sai dai misalin bai faɗi gidan wa ake bikin ba, kuma waɗansu tsofaffin kwafe-kwafe sun ƙara “da amarya” a aya ta 1, abin da yake sauya hoton tafiyar.

'Yar'uwarta hupantesis ta fito sau uku ita ma. A Yahaya 12:13 taro ya ɗauki rassan dabino ya fita taryen Yesu, suna kiransa Sarkin Isra'ila, suka shigo Urushalima da shi. A Matiyu 8:34 kuwa, bayan garken aladu ya faɗa teku, dukan gari ya fito taryen Yesu, suka roƙe shi ya bar musu ƙasarsu. Fita iri ɗaya, kalma iri ɗaya, ɗaya ta ƙare da rakiya, ɗaya ta ƙare da kora.

Inda hujjar Peterson take da rauni

Bulus Bayahude ne da ya tashi da fassarar Tsohon Alkawari ta Girkanci, wadda ake kira Seftuwajinta. A cikinta jimlar eis apantesin da 'yan'uwanta sun fito sau da yawa, suna fassara kalmar Ibrananci liƙrat, wato zuwa gaban wani. A 1 Sama'ila 13:10 Saul ya fita taryen Sama'ila don ya gaishe shi. A 1 Sama'ila 4:1 Isra'ila ta fita taryen Filistiyawa don yaƙi, da wannan jimla ɗin dai. Wanda kunnensa ya saba da wannan littafi ba lalle ne ya ji ƙarar tamburan fada duk lokacin da aka ambaci kalmar ba.

Saboda haka a 1952 masanin Katolika Jacques Dupont ya ce a nemi asalin hoton Bulus a Dutsen Sina'i. A Fitowa 19 akwai gajimare, akwai ƙarar ƙaho, Ubangiji ya sauko, Musa kuma ya fito da jama'a daga zango don su taryi Allah. Abubuwan nan huɗu duk suna cikin 1 Tasalonikawa 4:16 da 17.

A 1994 Michael Cosby na Amurka ya bi shaidun Peterson ɗaya bayan ɗaya, ya ce hoton bai dace yadda ake zato ba. A taryen sarki mutanen gari ne suke shiri, su yi ado, su fita da ƙafarsu. A ayar Bulus ba wanda ya fita da kansa, fizge su aka yi. A taryen sarki masu tarya ne suke sowa, a nan kuwa kira da ƙaho daga wajen mai zuwa suka fito. Babu kambin furanni, babu kyautai, babu hadaya. Robert Gundry ya mayar masa da martani a 1996, yana cewa marubuci ba ya bukatar lissafa kowane ɓangare na al'ada kafin masu karatu su gane ta, balle ga parousia da apantesis sun zo a jere, ga kuma laƙabin Ubangiji da ake ba Kaisar.

In aka auna duka, abu biyu ne suka tsaya. Cewa apantesis a kowane wuri tana nufin a tarya a rako gida, wannan ya wuce abin da shaidu suka nuna. Cewa kuma mutumin Tasalonika zai ji parousia da apantesis tare bai tuna da shigar sarki gari ba, wannan ma da wuya. Ayar da kanta ta tsaya a cikin iska. Ba ta ce aka hau ba, ba ta ce aka sauko ba.

Yadda kowane ɓangare yake cike gurbin

Kalmar Turanci rapture, wato fyaucewa, ta samo asali ne daga fassarar Latin ta wannan aya, inda harpazo ta zama rapiemur. Kiristoci tun farko sun gaskata za a ɗauke masu bi su taryi Ubangiji. Abin da ya zo daga baya shi ne raba zuwan gida biyu. John Nelson Darby, wanda ya rayu daga 1800 zuwa 1882, tsohon limamin Cocin Ailan, shi ne ya tsara koyarwar a shekarun 1830: Almasihu zai zo a ɗauke ikilisiya zuwa sama, shekara bakwai na ƙunci mai girma su biyo baya, sa'an nan ya dawo a bayyane tare da tsarkakansa. Littafi Mai Tsarki mai bayanan gefe na C. I. Scofield, da aka buga a 1909, ya kai koyarwar gidaje da makarantun Littafi Mai Tsarki a Amurka, daga can kuma ta bi masu mishan da littattafansu zuwa sauran duniya. Masu riƙe da ita suna nuna waɗansu tsofaffin rubuce-rubuce da suke ganin sun riga Darby, abokan gardamarsu kuma suna musun yadda ake karanta su.

Masu wannan ra'ayi, waɗanda suka fi yawa a majami'un Fentikos da waɗansu na Baftis da na bishara, ba a kan apantesis suke dogara ba. Suna cewa kalmar saduwa kawai take nufi, inda za a je kuwa Yahaya 14:2 da 3 ta faɗa: zan tafi in shirya muku wuri, in dawo in ɗauke ku zuwa wurina. Suna ƙarawa da 1 Tasalonikawa 5:9, cewa Allah bai ƙaddara mu ga fushi ba, da Wahayin Yahaya 3:10, sa'an nan su ɗauko shekara bakwai daga Daniyel 9:27.

Ɗaya ɓangaren, wanda ya haɗa Katolika da Otodoks da Lutaran da yawancin Angilikan da majami'un Rifom, har da masu bishara da yawa, yana ganin zuwa ɗaya ne. Matattu su tashi, a haɗa su da masu rai, a taryi Sarki, a rako shi zuwa duniyar da zai yi wa shari'a ya sabunta. Suna nuna Matiyu 24:29 zuwa 31, inda ƙaho da gajimare da tattara zaɓaɓɓu suka zo bayan ƙuncin, da 2 Tasalonikawa 2:1 zuwa 3, da Wahayin Yahaya 21 inda sabuwar Urushalima ce take saukowa. Suna kuma cewa zuwan da aka yi da kira mai ƙarfi da muryar babban mala'ika da ƙahon Allah ba zai zama na ɓoye ba.

Kowane ɓangare yana da wurin da takalmi yake matsa masa. Na farko dole ya yi bayanin dalilin da mai saukowa zai juya ya koma, alhali a Ayyukan Manzanni 28 da Yahaya 12 masu tarya ne suke juyawa. Na biyu dole ya yarda cewa dawowar da yake magana a kai daga al'adar zamanin da sauran nassosi ya ɗauko ta.

Abin da ya dami Tasalonikawa, da abin da ya shafi mai zama a benci

Bulus ya rubuta wasiƙar daga Koranti wajen shekara ta 50 ko 51, kuma masana da yawa suna ɗaukarta a matsayin mafi tsufa cikin wasiƙunsa. Ikilisiyar sabuwa ce, 'yan watanni da kafawa, sai mutuwa ta shigo. Tambayarsu ba ta jadawalin ƙarshen zamani ba ce. Suna tsoro ne kada waɗanda suka binne su rasa rabo a ranar zuwan. Shi ya sa ya ce masu rai ba za su riga waɗanda suka yi barci ba ko kaɗan, matattu cikin Almasihu ne za su fara tashi. A nan hoton tarya yake da ƙarfi ƙwarai, domin a garin da ake taryen sarki, wanda aka bari a baya ya rasa daraja. Waɗansu masana sun lura da wani abu kuma: Girkawa da Romawa a bayan ganuwa suke binne matattu, kaburbura a jere a bakin manyan hanyoyi, don haka duk baƙon da ya doshi gari kaburbura yake fara wucewa kafin ya kai ƙofa. Sashen ya rufe da umarni guda a aya ta 18, ku ta'azantar da juna da waɗannan kalmomi, abin da ya sa har yau ake karanta shi a bakin kabari a majami'un ɓangarorin biyu.

Bambancin yana fitowa ne a rayuwar yau da kullum. Wanda aka koya masa cewa za a ɗauke shi kafin tsanani yakan sami ƙarfafawa da himmar yin bishara, amma koyarwar takan bar tsoro a zukatan yara, irin yaron da zai dawo daga makaranta ya tarar gida shiru, tukunya a kan murhu, gabansa ya faɗi don yana zaton an tafi an bar shi. Masu sukar koyarwar suna cewa tana iya sa mutum ya yi sakaci da gona da makaranta da gyaran gari, masu riƙe da ita kuma suna amsawa da 2 Tasalonikawa 3:10, cewa wanda ya ƙi aiki kada ya ci. Wanda aka koya masa zuwa ɗaya yakan shirya wa jimrewa, abin da yake da ma'ana ta musamman ga masu bi da suke cikin tsanani tun yanzu. Game da tsayar da rana kuwa, manyan malaman ɓangarorin biyu bakinsu ɗaya, suna kafa hujja da Matiyu 24:36, cewa ba wanda ya san ranar ko sa'ar.

Nauyi mafi girma yana wuyan masu fassara. Mai fassara zuwa Turanci yana iya fakewa a bayan kalma ɗaya da ta ɗauki kowace irin haɗuwa. Mai fassara zuwa Hausa ba shi da wannan mafaka, dole ya zaɓa. In ya sa “mu sadu da Ubangiji”, ya bar ƙofa a buɗe amma ya zubar da fitar da ake yi gaban mai zuwa. In ya sa “mu taryi Ubangiji”, ya riƙe fitar, kuma kunnen Bahaushe zai ji rakiya a ciki ko da ba a ambata ba. Mai son ya san inda fassarar da ke hannunsa ta karkata sai ya buɗe Matiyu 25:6 da Ayyukan Manzanni 28:15 da 1 Tasalonikawa 4:17, ya duba ko kalmar Hausa ɗaya aka sa a wuraren uku, kamar yadda take ɗaya a Girkanci.